Koken jama'ar unguwar bayan kasuwa zuwa ga Mai Girma Hakimi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Mu ne dattawa da matasa da iyaye mata na unguwar bayan kasuwa, mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar aka ce a rubuto maka, don wallahi tura ta kai bango.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare, kuɗin mota da na awo duk suka bi ta. Magidancin da a da yake sauke buhun masara da kaka ya koma kwano, daga kwano ya koma rabi, yanzu wasu sai dare sun dawo daga nema ake auno gwangwani biyu. Mai injin niƙa da bakinsa ya faɗa mana dusar da masu awaki ke saye yanzu mata ne ke zuwa da lulluɓi bayan magariba suna roƙo, su tankaɗe su tuƙa wa yara, matan da ko maƙwabta ba su san halin da suke ciki ba saboda kunya. A kemis kuwa ba mai sayen magani cikakke, sai dai a ce ba ni na ɗari biyu.

A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci kuma yawancinsu a arewa, to wannan fa kafin a cire tallafin ne. An mai da mafi ƙarancin albashi 70,000, madalla, amma mu nan 'yan ga-ruwa ne da masu faci da 'yan dako, wa zai ƙara mana?

Roƙonmu ranka ya daɗe, duk ranar da aka kawo abincin tallafi a daina rubuta sunaye cikin dare, a karanta su a fili bayan sallar Juma'a gaban liman da mai unguwa, a fara da matan da mazajensu suka rasu da gidajen marayu, kar a tambayi kowa katin jam'iyya. Sannan dan Allah a sa mana baki a gyara rijiyar burtsatsen bakin makaranta, kuɗin jarka yana cinye kuɗin cefane.

Sunayenmu da dangwalen yatsa suna hannun mai unguwa, duk ranar da ka kira za mu zo.

Naka masu biyayya, jama'ar unguwar bayan kasuwa.