Yaran da ke koyon aikin wuta a Damagaram: in ba albashi, ina koyarwar?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mu yi magana kan samarin da ke koyon aikin wuta a nan Damagaram ba a biyansu ko dala. Mu ƴan wannan sana'a ne, wasunmu na da shago, wasu na koyarwa, kuma abin ya daɗe yana damunmu.

Kowace shekara cibiyoyin koyon sana'a irin su CFM da CFPT suna turo ɗalibai staj, wato koyon aiki a hannu a shagunanmu. Ga kuma waɗanda iyaye ke kamo hannunsu su kai wa maigida a Zango ko Sabon Gari, su ce "ga ɗanka nan, a koya masa." Ba mu ce rashin albashi a watannin farko zalunci ba ne. Sabon yaro asara yake jawowa: ya yanke waya ta gaza, ya fasa priz wajen ɗauri, ya lalata multimita, na'urar awon wuta, saboda ya tsoma ta a bolt 220 alhali tana kan awon ampa. Maigidan da ke tsayawa yana yi masa bayani, aikin awa ɗaya sai ya ci masa biyu. Wannan lokacin da ake ɓatawa a kan yaron shi ne ladansa. Abin da muke kuka da shi, a wurare da yawa ba kuɗin, ba kuma koyarwar. Yaro ya shekara biyu yana sassaƙar bango, yana ɗaukar tsani, yana dafa shayi, bai taɓa ɗaura disjonktar, na'urar da ke yanke wuta in ta yi wa waya yawa, da hannunsa ba, ba wanda ya gaya masa dalilin da ya sa kilim ke bukatar layinsa shi kaɗai. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Asarar ba ta tsaya kan yaron ba. Ranar da ya gaji zai sayi testa da filaya ya fara karɓar aiki a unguwa, kuma gidajenmu zai shiga. Kurakuran da muke tararwa idan an kira mu gyara kusan iri ɗaya ne kullum. Za ka ga an ja priz da waya mai kaurin milimita 1.5, an kare ta da disjonktar mai ampa 32. Ƙa'ida ita ce 1.5 ta fitila ce da disjonktar mai ampa 10, priz na son 2.5 da ampa 16 ko 20, murhun lantarki kuma wayar milimita 6. Disjonktar waya yake karewa. Idan ya fi ƙarfinta, dutsen guga da butar dafa ruwa masu wat 2,000 kowanne za su ja kusan ampa 18 tare, wayar ta yi ta ɗumi cikin tiyo har robar ta lalace, shi kuwa bai ko motsa ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, wayar da ke bin ƙarƙashin kwano tana cikin tanda tun kafin a kunna komai. Ƙara da wayar jabu da ta cika kasuwa, an rubuta 2.5 a jikinta amma alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana ka san abin da ka saya. Minti ɗaya ya isa a nuna wa yaro wannan, amma sai an ga dama.

Sai makunnin da aka ɗaura a kan nutur, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon faz, wayar da ke kawo wutar. Fitila za ta mutu in an kashe, kowa ya ɗauka lafiya lau, alhali wuta na zaune a mazaunin ƙwan tana jiran wanda zai hau kujera ya sauya shi. Sai haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da roba maimakon a sa domino, ɗan mahaɗin waya mai kusa, a matse, nan ne tartsatsi ke farawa. Sai launin waya da aka yi wa riƙon sakainar kashi: shuɗiya ta nutur ce, mai kore da rawaya ta ƙasa ce ita kaɗai, amma wanda ba a koya wa ba duk wadda ta rage a naɗi ita zai ja.

Wayar ƙasa kuwa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa ta sandar da aka kafa, a garin nan sai an yi da gaske. Damagaram kan dutse take zaune, ƙasarta busasshiya ce, sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 1.5 sau da yawa ba ta shiga rabi sai ta tokare. Abin da ake yi a ɓoye shi ne a yanke saura a rufe da siminti. Aikin kirki shi ne a nemi inda ke da laima, a haƙa, a kafa sanduna biyu ko uku nesa da juna a haɗa su da tsirarar wayar jan ƙarfe mai milimita 25, sannan a auna, awon ya sauka ƙasa da om 100. A auna da rani, don awon damina yaudara ne. Gishirin da wasu ke zubawa yana saukar da awon na ɗan lokaci, daga baya ya cinye sandar. A kuma sa diferansiyal, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurare, mai miliampa 30 a kan layin priz da na makewayi, domin wutar da ta kai haka in ta bi ta ƙirji tana iya hargitsa bugun zuciya.

Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, gurup da sola suka ƙaru a gidaje da shaguna, aikin ya ƙara haɗari. Gurup da aka haɗa da gida ba makunnin sauya layi yana mayar da wuta kan layin NIGELEC, ya kama ma'aikacin da ke kan sanda can nesa. A sola, ana fara haɗa batir da regilata, na'urar daidaita caji, kafin farantin sola, a sa fis kusa da batir. Na'ura mai wat 600 a kan batir mai bolt 12 tana jan ampa 50, don haka wayar milimita 16 take so, amma muna ganin an ja ta da ragowar wayar fitila.

Saboda haka muke kira ga iyayen gida da a tsara koyon, a rubuta shi. A ganinmu makon farko kada yaro ya taɓa waya sai ya iya tabbatar da babu wuta: ya sauke disjonktar, ya kulle akwatin ya sa makulli a aljihu, ya gwada multimita a priz mai wuta don ya san tana aiki, ya auna faz da nutur, faz da ƙasa, nutur da ƙasa, sannan ya duba ko gurup ko batir na ciyar da gidan ta wata hanya. Testa mai ƙaramar fitila ba abin dogaro ba ce, cikin hasken rana ma ba a ganin kamawarta. Ya san kondansatar fanka da ta kilim na riƙe wuta bayan an kashe. Ya san in wuta ta kama mutum ba a taɓa shi da hannu, ana yanke ta ne ko a ture shi da busasshen ice, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce ba komai. Wata uku na farko su tafi a tiyo, jan waya da haɗin makunni ɗaya da priz. Zuwa wata shida ya iya fitila mai makunni biyu, ya karanta zanen gida, ya lissafa ampa daga wat. Kafin shekara ta cika ya haɗa akwatin rarraba wuta na ƙaramin gida maigida na tsaye a kansa, ya kuma iya rubuta lissafin kayan aiki da kuɗinsu, wanda shi ne abin da aka fi ɓoye wa yara don kada su tsaya da ƙafarsu.

Maganar kuɗi kuma a fito da ita fili. Tun ranar farko kuɗin kabu-kabu da abincin rana suna wuyan maigida, haka takalmi mai rufi, tabarau na sassaƙa da filaya mai robar kariya. Abin takaici ne ka ga yaro da silifas a kan tsanin ƙarfe kusa da wayar da ta shigo daga sanda. Daga ranar da aka fara barinsa ya ja ɗaki shi kaɗai ana karɓar kuɗin hannu a kan aikinsa, ya kamata ya sami kasonsa, a faɗi adadin tun farko, ya riƙa ƙaruwa duk wata shida. Wanda kuwa ya kai ana tura shi gyara ba rakiya, ma'aikaci ne, kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne a wata tun Janairun 2024. Kiransa "yarona" har ya yi gemu ba ya goge wannan haƙƙin.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, ya kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba ko da a matsayin mai koyo. Takarda ɗaya ta isa: tsawon lokacin, abin da za a koya a kowane mataki, awoyin aiki, wanda zai biya magani in an yi hatsari, da shaidar da za a ba shi in ya kammala. Wannan ta hatsarin ita ce ta fi tayar mana da hankali, domin yaron da ya faɗo daga tsani yawanci iyayensa ake bari da takardar magani. Muna roƙon ofishin sufeton aiki da CNSS, asusun inshorar ma'aikata, su fito su yi wa ƙananan shaguna bayani da Hausa, a rediyo da wuraren taron masu sana'a, kan yadda ake shigar da mai koyo cikin kariyar hatsarin aiki. Asusun FAFPA, da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, zai yi babban taimako in ya ba kowane mai koyo akwatin kayan aiki na farko, ya kuma fifita shagunan da ke da rubutacciyar yarjejeniya.

Malaman cibiyoyi su daina tura ɗalibi staj su manta da shi sai ranar sa hannu. Su leƙa wurin aiki ko sau ɗaya a wata, su miƙa masa multimita su ce ya auna a gabansu. Iyaye kuma, bayan wata shida ku tambayi ɗanku kaurin wayar da ake ja wa priz da ampan disjonktar ɗinta. In bai sani ba, ku je ku zauna da maigidansa cikin mutunci, in abin bai gyaru ba ku sauya masa shago.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin wuta da malaman koyar da sana'a,
Damagaram