Rahoton Ayyukan Shekara: Karatunmu Kan Larabawa da Larabci a Littattafan Yahudawa da Kirista

Iyayen ƙungiya, malamai da sauran 'yan'uwa, muna gaishe ku da fatan alheri. Ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare.

A babban taron bara ne aka amince zaman karatun bana duk ya tsaya kan batu guda: me Attaura da littattafan annabawa da Sabon Alkawari suka faɗa game da Larabawa da harshensu. Aka kuma gindaya sharaɗi. Duk mai gabatarwa ya karanto aya da lambarta, ya kawo abin da masu binciken tarihi suka tono, in kuma yana da nasa ra'ayi ya faɗa mana cewa nasa ne. Da yake akwai Musulmi akwai Kirista a cikinmu, wannan sharaɗi ne ya riƙe mu har ƙarshen shekara.

Da Littafin Farawa muka buɗe. Sura 25 ta jero 'ya'yan Isma'ilu su 12, ta ce ya rayu shekara 137, kuma shi da Ishaku tare suka binne mahaifinsu Ibrahim a kogon Makfela. Da muka shimfiɗa taswira, sai wasu sunayen suka tashi daga takarda suka zama garuruwa: Tema ita ce Taima, Duma ita ce Dumatul Jandal, duka a arewacin Saudiyya ta yau. A sura 10 kuwa, cikin zuriyar Yoktan, akwai Sheba da Hazarmawet, wato Halaramautu ta ƙasar Yaman, kuma masana nasaba na Larabawa sun daɗe suna ɗaukar Yoktan shi ne Ƙahɗan, kakan Larabawan kudu. Mun kuma bi ayarin Isma'ilawa na sura 37, wanda ya taso daga Gileyad da raƙuma ɗauke da kayan ƙamshi zai gangara Masar, aka sayar masa da Yusufu a kan azurfa 20.

Zaman da ya fi armashi shi ne na watannin bazara, da muka ajiye ayoyi kusa da rubutun duwatsu. Rubutu mafi daɗewa da aka sani ya ambaci Balarabe na Sarkin Assuriya ne, Shalmanesar na Uku, a kan yaƙin Ƙarƙar na shekarar 853 kafin miladiyya. Cikin abokan gabarsa ya lissafa Gindibu Balarabe da raƙuma 1,000, a jeri ɗaya da Ahab Sarkin Isra'ila. Dutsen yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wato tun a karon farko da tarihi ya kira sunan Balarabe, yana tsaye ne a sahu ɗaya da Ba'isra'ile a fagen daga.

Daga nan muka zo kan Geshem Balarabe, wanda Littafin Nehemiya (2:19 da 6:1) ya nuna tare da Sanballat da Tobiya suna yi wa aikin sake gina garun Urushalima ba'a da zagon ƙasa. Mai karatu zai ɗauka wani ɗan tsurku ne kawai. Sai ɗaya daga cikin malamanmu ya zagaya da hoton wata tasar azurfa da aka samo a Tel el-Maskhuta, gabashin bakin kogin Nilu, wadda yanzu take gidan tarihi na Burukulin a Amurka. A jikinta an rubuta da Aramiyanci cewa Ƙainu ɗan Gashmu, Sarkin Kedar (ƙabilar Larabawa mai sunan ɗaya daga cikin 'ya'yan Isma'ilu), ne ya ba da ita. Masana da dama suna ganin Gashmun nan shi ne Geshem ɗin Nehemiya. Hoton ya ɗan dushe a wajen mai kwafi, har dattawa suka riƙa fita da shi bakin ƙofa suna ɗagawa ga haske, amma kowa sai da ya ga haruffan da idonsa. In Gashmu shi ne Geshem, mutumin da Nehemiya yake ƙorafi a kansa sarki ne da hannunsa ya kai har iyakar Masar.

Kedar ta cinye mana lokaci, kuma ta cancanta. Ezekiyel 27:21 ya ce Arabiya da sarakunan Kedar suna kai wa birnin Taya 'yan raguna da raguna da awaki. A 2 Tarihi 17:11 Larabawa sun kawo wa Sarki Yehoshafat raguna 7,700 da bunsuru 7,700. Ishaya 21 ya umarci mutanen Tema su tari mai ƙishi da ruwa, mai gudun hijira da abinci, ya kuma yi wa Kedar hasashen faɗuwa. Waƙar Waƙoƙi 1:5 ta kwatanta baƙin kyau da alfarwan Kedar. Abin da na lura da shi, littattafan nan ba su yi wa Larabawa kuɗin goro ba. Yau fatake ne, gobe abokan gaba, jibi masu kawo zinariya da lubban kamar yadda Ishaya 60 ya zana.

A nan ne ma aka ɗan yi zafi. Wasu 'yan'uwa Musulmi sun karanta ambaton Kedar a Ishaya 42:11 da na Dutsen Faran a Maimaitawar Shari'a 33:2 a matsayin busharar zuwan Annabi Muhammadu, 'yan'uwa Kirista kuma ba haka suke fahimtarsu ba. Shugaba ya bar kowane ɓangare ya shimfiɗa hujjarsa har ƙarshe, aka rubuta duka biyu a littafin zama, ba a yi ƙuri'a ba. A ganina daidai ya yi. Muhawarar ta girme mu da ƙarnuka, ba a ɗakin karatunmu za a rufe ta ba.

Sabon Alkawari bai ɗauke mu nisa ba. Ayyukan Manzanni 2:11 ta sa Larabawa cikin waɗanda suka ji magana da harsunansu ranar Fentikos. Manzo Bulus ya ce ya tafi Arabiya (Galatiyawa 1:17), kuma yawancin masana suna ganin daular Nabaɗawa mai hedkwata a Batra yake nufi. A 2 Korantiyawa 11:32-33 ya ba da labarin yadda aka zurara shi a kwando ta tagar garun Dimashƙu don tsere wa gwamnan Sarki Aretas, wato Harisu na Huɗu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 9 kafin miladiyya zuwa ta 40 bayanta.

Kan harshe kuwa, abin da muka tarar ya ba wasu mamaki. Tsohon Alkawari ya ambaci Aramiyanci da harshen Yahuza (2 Sarakuna 18:26), har da na Ashdod (Nehemiya 13:24), amma babu inda ya kira sunan Larabci, duk da yawan ambaton masu shi. Da Ibrananci aka rubuta shi, sai wasu sassa na Daniyel da Ezra da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Larabci ya shigo daga baya, kuma da ƙarfi ya shigo. Rubutun dutsen kabari na Namara a ƙasar Siriya, na shekarar 328 miladiyya, da haruffan Nabaɗawa, yana cikin shaidun farko na Larabci a rubuce. A 867 Bishir ɗan Sirri ya fassara wasiƙun Bulus a Dimashƙu, kwafin yana gidan sufaye na Dutsen Sina'i. Sa'adiya Ga'on, malamin Yahudawa haifaffen Fayyum ta Masar, wanda ya rasu a 942, ya mayar da Attaura Larabci. A 1865 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Larabci ta Van Dyck a Berut, wadda Buɗrus al-Bustani da Nasif al-Yaziji da malamin Musulunci Yusuf al-Asir suka sa wa hannu. Muka rufe da namu Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, inda mai karatu yake cin karo da Allah, annabi, mala'ika, Zabura da addu'a, duk kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci.

Sai matsaloli. Halarta ta ja baya da damina, lokacin da yawancinmu muka koma gona, kuma mun ɗage zama a watan azumi da makon Kirsimeti kamar yadda muka saba. Har yanzu babu wanda ya iya Ibrananci sosai a cikinmu, fassara muke dogara da ita, kuma wannan gurbi ne babba. Wasu littattafan da aka ara daga akwatin ƙungiya ba su dawo ba. Ba za mu kira suna a nan ba, masu su sun san kansu.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban. Kwamiti ya kawo shawara biyu domin baɗi: a nemi malami ya koya mana haruffa da nahawun Ibrananci na farko, a kuma ɗauki Littafin Ayuba da labarin Sarauniyar Sheba, waɗanda lokaci bai ba mu damar taɓawa ba. Mai bashin kuɗin wata ya ga ma'aji kafin babban taro, domin da kuɗin ne za a sallami malamin.

Wassalam. Allah ya kai mu lafiya.

Sakataren ƙungiya