Rahoton Ayyukan Shekara: Haƙƙin Marubuci da Kuɗin Aron Littafi

'Yan uwa marubuta, assalamu alaikum.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa nauyin bin diddigin magana guda: idan ɗakin karatu na gwamnati ya sayi kwafi ɗaya, jama'a suka yi ta aronsa shekara da shekaru, me marubucin zai samu? Akasarin ƙarfinmu na bana a nan ya tafi.

Mun fara da duba yadda waɗanda suka riga mu suke yi. Denmark ce ta share hanya wajen biyan marubuta kuɗin aron littattafansu a 1946, Birtaniya ta kafa dokarta a 1979, sannan a 1992 Tarayyar Turai ta shigar da haƙƙin aro cikin ƙa'idojinta. Hanyoyin biyan sun bambanta. A Birtaniya ana ƙirga sau nawa aka ari littafi, a biya gwargwadon haka, amma ba wanda zai wuce fam 6,600 a shekara, don kada fitattu su lashe tukunyar. Kanada kuwa, tun 1986, abin da take dubawa shi ne ko littafin na cikin kundin ɗakunan karatun da aka zaɓa. Kwamiti ya fi karkata ga tsarin Kanada, domin ƙirgen aro sai da kwamfuta da ma'aikata masu rubuta komai, ba ko'ina ake da su ba.

Zamanmu da ma'aikatan ɗakunan karatu ya fara da zafi. Tsoronsu shi ne a yanki kuɗin daga ɗan abin da ake ba su na sayen littattafai, kuma suna da gaskiya. Ɗaya daga cikinsu ta zo da wani littafin mamba, bango ya tashi, an liƙe shi da salatif, takardar hatimin ranakun aro ta cika har an manna wata a kanta. Ta ce da wane kuɗi za ta sayi sabo? A takardar da muka tsara don miƙa wa hukuma mun rubuta ƙarara: kuɗin ya fito daga baitulmali, kada a taɓa kasafin ɗakin karatu, kada a karɓi komai a hannun mai aro.

Bitar yarjejeniya da mawallafa ma ta gudana, kuma abin da muka gani ya ɗaga mana hankali. Akwai mambobin da suka sayar da dukkan haƙƙinsu a biya ɗaya, wasu ko takarda ba su riƙe ba. Don Allah, kowa ya kawo yarjejeniyarsa a duba kafin ya sa hannu.

Batun littafin intanet mun taɓo shi kawai. A 2016 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa aronsa na iya shiga ƙarƙashin haƙƙin aro. Mun bar nazarin hukuncin sai baɗi.

Inda aiki ya tsaya shi ne rajistar littattafan mambobi. Da yawa ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, kuma littafin da ba shi da lamba yana da wuyar ganowa a kundi, balle a biya mai shi. Fom yana wurin sakatare. A cike shi, a haɗo da kuɗin ƙa'ida, kafin babban taro mai zuwa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa