Barka da Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Umma, barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ki gaishe min da Abba da su Yaya da kowa da kowa.

Jiya da muna waya Auta ya tambaye ni wai tsakanin Landan da Abuja nisan nawa ne, kafin in ba shi amsa layin ya katse, to ga amsar nan dan Allah ki karanta masa. A jirgi kusan kilomita 4,800 ne, in ka tashi daga filin jirgin Heathrow na nan Landan kai tsaye babu yada zango awa shida da 'yan mintuna ka sauka, saboda jirgin yana gudun wajen kilomita 900 a awa ɗaya kuma yana can sama kusan mita 11,000.

Ranar da zan taho wallahi ko runtsawa ban yi ba, akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana yana nuna taswira da hoton jirgin yana tafiya a hankali, shi nake ta kallo. Muna barin Najeriya sai Nijar, daga nan sai sahara, na leƙa ta taga Umma ba gida ba bishiya ba hanya sai yashi ja iya ganinka, muka daɗe a kansa har na fara tunanin ba zai ƙare ba, sannan Aljeriya, sai ga tekun Bahar Rum shuɗi shar a ƙasanmu, a nan ne na ji a jikina na bar Afirka da gaske sai hawaye. Faransa kuwa gajimare ne ya rufe ta ban ga komai ba.

Ki faɗa masa hanyar ma ba kullum take miƙe haka ba, a watan Agustan 2023 da Nijar ta rufe sararin samaniyarta sai da jirage suka riƙa yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Abin da yake ɗan sanyaya min rai shi ne lokacin zafi agogonmu ɗaya da ku, sai ƙarshen Oktoba in sun mayar da agogo baya sannan ku riga mu da awa ɗaya. Yau da na fito daga Idi na daɗe a tsaye ina lissafi, da ace na tashi da asuba da kafin la'asar ina zaune a gabanki. Hutun ne ban samu ba a wurin aiki, amma na riga na cike takardar neman na Disamba, ki taya ni da addu'a su sa hannu.

In kun natsu da dare ki sa Yaya ya kira ni da bidiyo, ina so in ga fuskarki.

Ɗanki