A riƙa kula da yadda ake ɗaura hannun ƙarfe a kan babur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu babura da 'yan'uwana kanikawa kan wani ado da ya samu karɓuwa, wato cire robar hannun babur a sa na ƙarfe. Ga su nan rataye a shagunan 'yan kayan gyara, ja da shuɗi da ruwan gwal, galibinsu na alminiyam. Samari na sa su a Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, har da roba-roba. Ba ni da ja da ado. Damuwata ita ce ana ɗaura su kamar ana liƙa sitika, alhali hannun dama shi ne totur, kuma totur in ya maƙale a buɗe cikin cunkoso, sai dai Allah ya kiyaye.

Tun daga shago ake fara kuskure. Kaurin ƙarfen kan yawancin baburanmu milimita 22 ne. Manyan baburan Amurka irin su Harley-Davidson nasu inci ɗaya ne, milimita 25 da 'yar ɗoriya. Wanda aka haɗa shi da hannun irin wancan zai ga yana lilo, sai yaron shago ya naɗa salatif ko yankin tib ya cusa, ya ce ya zauna. Bai zauna ba. A mayar, a karɓo mai 22.

Hannun dama iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ke zuwa da bututun totur nasa, da gurbin da wayar totur ke kwanciya a ciki. Akwai kuma wanda ake zurawa a kan tsohon bututun roba na babur ɗin. Na farkon ya fi aminci, amma da sharaɗi: a cire tsohon bututun a tafi da shi shago a gwada su gefe da gefe. A duba tsawonsu, da ramin da kan waya ke shiga, da faɗin da'irar da wayar ke naɗuwa a kai. In da'irar sabon ta fi girma, murɗa kaɗan babur zai zabura. In ta fi ƙanƙanta, za a murɗe totur har ƙarshe kafireto bai gama buɗewa ba, mai babur ya yi ta zargin fulogi da mai.

Ɓangaren hagu ba shi da wuya. A kwance ƙarfen da ke toshe bakin kan, in akwai. A zura siririyar sukundireba ƙarƙashin tsohuwar robar, a ɗiga ruwan sabulu, a murɗa a ja. In ta ƙi, a tsaga ta da reza. A goge ragowar gam da tsumma mai ɗan fetur, a bari ya bushe sarai. Kada giris ko mai ya taɓa wannan gefen. Abin da ke riƙe hannun ƙarfe shi ne wasu 'yan ƙananan notuna marasa kai, biyu ko uku, da ake ɗaurewa da alanki, yawanci mai lamba 2.5 ko 3. A juya hannun yadda notunan za su kalli ƙasa, don kada su ci tafin hannu ko ruwa ya taru a raminsu. A ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba a ƙure ɗaya sannan a koma ɗayan ba, domin hakan na karkatar da hannun. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi. In aka matsa da ƙarfin tsiya, zaren ramin zai cinye, noti ya riƙa juyawa a banza. Ɗigo ɗaya na gam ɗin noti, Loctite mai launin shuɗi, ya isa hana jijjiga kwance su. Mai launin ja ba ya kwantuwa sai da wuta, sufa-gulu kuwa ba aikinsa ba ne.

Dama ce ke son natsuwa. A kashe babur a zare makulli. A sassauta notin saitin wayar totur da ke kusa da hannu domin wayar ta saki. Gidan makunnai yana da sukurori biyu daga ƙasa. A danna sukundireba da kyau kafin a juya, don kawunansu saurin lalacewa gare su. In an buɗe a lura da yadda wayoyin lantarki suke kwance, domin a wajen rufewa ne ake datse su, daga baya a rasa dalilin da fiyus ke ƙonewa. A zare kan wayar totur daga raminsa, a cire bututun. Abin da za a tarar a ƙarƙashi, musamman bayan hunturu, tsohon giris ne da ƙura ta cakuɗe da shi ya zama baƙin danƙo. A wanke shi tas, a shafa mai marar kauri, shafa ɗaya kawai. Lafta giris a nan gayyatar ƙura ce.

Sai a maƙala kan wayar a sabon bututu, a tabbata ta kwanta cikin gurbinta. A yawancin babura akwai wani ɗan tsini a cikin gidan makunnai da ke shiga wani rami a jikin ƙarfen kan. Wasu in ya ba su wahala sai su goge shi da fayil. Shi ne ke hana gidan gaba ɗaya juyawa in an murɗa totur, don haka a bar shi, a nemi raminsa.

Ga inda totur ya fi maƙalewa. Dole a sami tazarar milimita 1 zuwa 2 tsakanin ƙarshen hannun da ƙarfen da ke toshe bakin kan. In suna gogar juna, a sa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, a tsakanin toshiyar da bakin kan don ta ɗan matsa waje. In hannun mai rufaffen baki ne kuma cikinsa na taɓa bakin kan, bai dace da babur ɗin ba. Irin wanda ake zurawa a kan tsohon bututun roba kuwa, notunansa a kan roba suke sauka. Ƙarin rabin juyi ya isa ya lotsa robar ta kama ƙarfen da ke ciki. Za a ji totur ya yi nauyi, a ce ai sabo ne, zai saki. Ba zai saki ba.

Bayan an rufe, a saita wasan totur, wato ɗan motsin da hannu ke yi kafin waya ta fara ja. Littattafan Honda sun ba da milimita 2 zuwa 6, kuma wannan ma'auni ya yi wa ƙananan baburanmu daidai. A ɗaure notin kullewa. Sannan gwaji, injin a kashe: a murɗa totur har ƙarshe a saki, dole ya koma da kansa nan take, a ji ƙarar komawarsa. A maimaita kan babur na fuskantar gaba, a karya shi hagu ƙarshe a maimaita, a karya dama ƙarshe a maimaita. Sai a tayar da injin a bar shi a silo, a juya kan hagu da dama. In ƙarar injin ta ƙaru ba a taɓa totur ba, waya ta yi tsauri ko an bi da ita inda bai dace ba. A kuma matse birkin gaba da kuloci har ƙarshe, a ga cewa bakin sabon hannun bai tare su ba. Bayan kwana biyu ko uku ana hawa, a sake bin ƙananan notunan da alanki.

Ko an ɗaura daidai, akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Alminiyam na ɗaukar zafi ya miƙa wa hannu fiye da roba ninki ɗaruruwa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, babur ɗin da ya yi awa guda ajiye cikin rana ba ya riƙuwa da hannu tsirara. Da asubahin hunturu kuma yatsu ne ke ƙagewa. Gumi da ruwan sama na sa shi santsi. Ga jijjiga: injin mai silinda ɗaya dama yana kaɗa kan babur, roba ce ke shanye wani abu daga ciki, tare da ƙarfen toshiyar nan mai nauyi da wasu ke jefarwa saboda sabon hannun ya zo da tasa marar nauyi. Shi ya sa mai doguwar tafiya ke sauka yatsunsa sun yi sanyi ba ya jin su sosai, kuma da yatsun nan ne zai kama birki.

A ganina ɗan acaɓa da duk wanda ke wuni a kan babur ya zauna a kan roba mai kyau. Wanda ya nace sai ƙarfe, ya zaɓi wanda aka yi wa zobban roba a inda tafin hannu ke zama, ya mayar da toshiyarsa ta asali in za ta shiga, ya sa safar hannu. Kanikawa kuma su riƙa yin gwajin totur a gaban mai babur, su kuma miƙa masa tsohon bututunsa ya adana, domin ranar da sabon ya ba da matsala shi za a mayar.

Na gode.

Wani bakaniken babura,
Kano.