Lissafin "ɗaya cikin huɗu" da ke rusa gidaje

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani lissafi da nake yawan ji a bakin masu shirin aure, wai in AS ya auri AS ai ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa da sikila, to in ɗan fari ya zo SS shikenan sauran ukun sun tsira. Wallahi ba haka abin yake ba, kuma masu biyan kuɗin wannan kuskuren yara ne da ke kwana suna kuka da ciwon ƙashi ana neman wanda zai ba su jini.

Abin yana farawa ne tun wajen haɗa maniyyi da ƙwan mace. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna ɗauke da kuromosom 46, wato wasu 'yan zare-zare da ke riƙe da kayan gadon da muke samu daga iyaye, a jere bibbiyu har 23, a kowane biyu ɗaya na uwa ɗaya na uba. Da maniyyi zai zo da 46 ƙwai ma ya zo da 46 ai da jariri ya tashi da 92, jika kuma 184, ka ga ba mai yiwuwa ba ne. Shi ya sa akwai wata rabuwa ta musamman da ake kira miyosis, ƙwayar takan kwafi kayan gadonta sau ɗaya amma ta rabu har sau biyu, sai kowane maniyyi da kowane ƙwai ya fito da 23 cif, in sun haɗu a koma 46. Tun 1883 wani masani ɗan Beljiyam, Edouard van Beneden, ya hango wannan ragin a ƙwan tsutsar cikin doki.

To ga inda nake so mutane su gane. Wajen rabon nan, a kowane biyu ko na uwa ya shiga ko na uba, kuma ba ruwan wannan biyun da abin da wancan ya yi, wannan kaɗai ya isa mutum ɗaya ya iya fitar da haɗi iri 8,388,608 daban-daban, ban da cewa kafin su rabu kuromosom na uwa da na uba sukan manne da juna su yi musayar gutsattsari, sai wanda ya fito ya zama gauraye. Dalilin kenan za ka ga uwa ɗaya uba ɗaya amma wannan fari sol kamar kakarsa wancan baƙi dogo kamar kawunsa.

Gadon sikila yana kan kuromosom na 11. Mai AS ɗayan na 11 ɗinsa yana ɗauke da A, wato gadon lafiyayyen jini, ɗayan S, wato gadon sikila, saboda haka rabin maniyyinsa S ne, haka ita ma matar rabin ƙwayayenta, kuma sai S na miji ya haɗu da S na mata ne yaro ke fitowa SS, mai sikila. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ya tuna abin da cikin baya ya haifar. Ana iya haifar huɗu a jere duk lafiya lau, ana iya haifar uku a jere duk SS, kashi 25 cikin 100 ɗin nan yana nan daram a kowace haihuwa.

Af, su ma masu tsangwamar mace wai ba ta haihuwar maza su ji, ƙwanta kuromosom X kawai yake ɗauka, maniyyin miji ne ke zuwa da X ko Y, in X ne a samu mace, in Y ne a samu namiji. Allah ne mai bayarwa, amma ta wannan hanyar Ya tsara abin.

Na ji daɗi da Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, sai dai takardar gwaji ba ta da amfani in wanda ya karɓa bai fahimci me ta ƙunsa ba. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi a riƙa gayyato likitoci suna bayanin nan da Hausa, limamai da waliyyai ma su samu su karanta, kuma samari da 'yan mata a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in an riga an sa rana ba mai sauraron likita.

Na gode,
Mai karatunku daga Gusau