Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Shan Inna

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Shekaru ke nan ina raka ma'aikatan rigakafi gida-gida a unguwarmu, ni ke yi musu sallama a zaure. Tambayar da magidanta ke tarbar mu da ita yanzu guda ce: "Ba an ce an gama da shan inna ba? To ɗigon me kuka kawo kuma?"

Ba su yi ƙarya ba. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wadda a Najeriya aka gan ta ta ƙarshe a Borno a 2016. Amma har yau ana samun yaran da ƙafa ta shanye a Sakkwato da Zamfara da Kebbi, kuma ba a yi wa iyaye bayani.

Ga abin da ya kamata su ji. Ɗigon bakin nan yana ɗauke da ƙwayar da aka karya lagonta. Yaron da ya sha ya samu kariya, ita kuma ta fita ta bayan gida. Inda aka yi wa kusan dukkan yara rigakafi, ba ta da wurin zama, sai ta mutu. Inda kuwa aka tsallake gidaje da yawa, sai ta yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan, tana sauya kama sannu a hankali, shekara guda ko fiye, har ƙarfinta ya dawo. Yaron da aka ɓoye a ɗaka ranar rigakafi shi take kamawa. Dalilin da ya sa aka kawo sabon ɗigon nOPV2 a 2021 ke nan, wanda ba ya saurin rikiɗa.

Na san fargabar da ake yi: a faɗi haka, a koma gidan jiya, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 cutar ta bazu har Indonesiya. Ni a ganina, ɓoye-ɓoyen ne ke ciyar da jita-jita.

Ranka ya daɗe, kai ka shugabanci hukumar lafiya matakin farko daga 2008, ka ga yadda sarakuna suka buɗe ƙofofin da aka rufe wa rigakafi. A koma wurinsu, da limamai da ungozomomi, da wannan bayanin cikin Hausa bayyananna. Sannan a sa allurar jarirai ta samu a asibitin ƙauye kowane mako, don uwa ta daina komawa gida da goyo an ce mata firiji ya lalace.

Naka,
wani mai unguwa daga Sakkwato.